Kafin ka kwaso akwatin sifanoni don gyaran mota a gida

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana masu ƙananan motoci, musamman ma'aikata irina da albashi ke riƙe da mu. Tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai na mota ya tashi, ba fetur kaɗai ba, baƙin mai da fita (matatar mai) da fulogi da kuɗin aikin bakanike duk sun bi sahu, shi yasa yanzu ranar Asabar da hantsi in ka zaga unguwarmu zaka ga magidanta sun ɗaga bonet a ƙofar gida kowa na ƙoƙarin taɓa motarsa da kansa. Wannan abu ne mai kyau wallahi kuma ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari. Abin da ke damuna shi ne irin kayan aikin da mutane ke kwasowa, kusan kowa irin akwatin nan ne ja ko baƙi mai ƙyalli wanda aka rubuta guda 100 ko 150 a jikinsa, kuma na san ƙarshen wannan akwatin don na saya.

Ni malamin makaranta ne a nan Kano, Corolla ƙirar 2005 nake hawa irin ta Amurka ɗin nan da ake shigowa da su ta Kwatano. Shekara uku da suka wuce muna dawowa daga ta'aziyya a Zariya ni da maman yara da yaranmu uku, mun ɗan wuce Kwanar Dangora kenan ana gab da kiran magariba sai tayar baya ta hannun direba ta sace. Na gangara gefen titi ban wani damu ba tunda na san akwai safaya da jak da wil-sifana a but, na fito da su na sa wil-sifanar a kan noti sai ta ƙi shiga, na juya na sake gwadawa, na gwada sauran notikan huɗu duk ta ƙi. Wata takwas ina yawo da motar nan ban taɓa gwada ƙarfen nan a jikin tayar ba. Duhu na shigowa, ƙaramar ta fara kuka, ga manyan motoci suna wucewa iskarsu na girgiza motar, kuma duk wanda ya san hanyar nan ya san ba wurin da mutum zai so dare yayi masa da iyali bane. Allah Ya kawo wani direban bas Hiyas, Allah Ya saka masa da alheri duk inda yake, ya tsaya da fasinjojinsa a ciki, yana karɓar wil-sifanar ya haska da wayarsa ya ce, "Malam ai wannan 19 ce, ta Honda ce, taka 21 take sha." Ya ɗauko tasa mai kai huɗu irin ta kuros ɗin nan, ko minti goma ba a yi ba mun canza taya. Ashe wanda na sayi motar a wurinsa duk wadda hannunsa ya kai ce ya jefa min a but.

Abin ya tsaya min a rai sosai, don haka albashi na shigowa na tafi kasuwa da niyyar ba za a sake ba, na ga akwatin nan an baje shi yana sheƙi, sifanoni a jere daga ƙarama zuwa babba, kuɗinsa kuma bai kai yadda na zata ba, na biya na ɗauko ina murna. Da na zo gida na zauna na ƙirga sai na ga fiye da rabin abin da suka kira guda ɗari da wani abu duk 'yan ƙananan kawunan sukudireba ne da har yau ban ga inda za su yi amfani a motata ba, wani layin kuma gaba ɗaya na inci ne, su 1/2 da 9/16 da 5/8, alhali motar Japan komai nata da milimita aka yi shi. Duk da haka na ce ba komai. Ranar da na tashi yin juyen mai na farko da hannuna na sa boks, wato kan sifanar nan mai kamar ƙoƙo da ke rufe noti, mai lamba 14 a notin ƙasan inji na ja, sai na ji abu ya zame, na sake ja da ƙarfi sai racet ɗin, wato mariƙin da ake juya boks da shi, yayi ƙas haƙoransa na ciki suka kakkarye ya koma juyawa kawai kamar fanka. Na leƙa na ga kan notin ya cinye, kusurwoyin sun goge ya zama kamar kan ƙusa. Mai bai fita ba, noti ya lalace, dole na tuƙa motar zuwa gareji aka yi ta fama da kurfi da guduma kafin ya fito, na sayi sabon noti na biya kuɗin aiki ninki biyun abin da nake gudu. Hausawa sun ce araha ba ta ado, ni ranar na gani da idona.

Ogan garejin dattijo ne, tun zamanin da ake haɗa Fijo 504 a Kaduna yake wannan sana'a. Ya ɗauki boks ɗin nawa ya jujjuya shi a tafin hannu ya ce, "Malam, wannan ba ƙarfe bane, kwano ne aka shafa wa ruwan azurfa." Sannan ya faɗa min maganar da ita ce dalilin rubuto wannan wasiƙa, ya ce kar ka tambayi mai shago me zaka saya, motarka ita zata faɗa maka. Ya ja ni gaban motar ya dinga nuna min da yatsa, kan batir 10, notikan da suka riƙe koyil mai ba fulogi wuta 10, murfin roba na saman inji 10, wancan 12, na juyen mai 14, na ƙafa su 17 da 19, taya 21. Ya ce Toyota da Honda da Nissan kusan duk a nan suke yawo, 8, 10, 12, 14, 17, 19, in ka riƙe waɗannan ka riƙe motar. Amma mai Fijo 206 ko 406 ko Golf lissafinsa daban ne, motocin Turai suna son 13 sosai da 16 da 18, kuma cike suke da sukurori masu rami kamar tauraro mai tsini shida da ake ce wa Torx, ga na alanki masu rami mai kusurwa shida, tayar Golf kuma 17 take sha. To ka ga mutum biyu maƙwabta ɗaya na da Corolla ɗaya na da Golf bai kamata ma su sayi kaya iri ɗaya ba, amma mai shago akwati ɗaya zai miƙa musu.

Washegari ya haɗa ni da babban yaronsa muka tafi Kofar Ruwa, kuma a nan na koyi yadda ake sayen ƙarfe. Yaron nan bai ko kalli na cikin kwali ba, kai tsaye wurin masu tsofaffin kaya na Beljiyam ya nufa inda aka zube sifanoni a kan buhu sun yi baƙi da giris, ya tsuguna yana tsinta ɗaya bayan ɗaya. Abin da yake dubawa na farko lambar, shin an buga ta ne a cikin ƙarfen ta nutse ko kuwa fenti ne aka rubuta a sama wanda wata biyu zai goge. Na biyu bakin sifanar, in ya buɗe ko ya ɗan wage ko da kaɗan ne sai ya ajiye don wadda ta wage ita ke cinye kan noti. Ya zo da noti mai lamba 10 da 14 a aljihunsa, duk wadda ya ɗauka sai ya zura ya girgiza, in ta kama cif ba wasa ya ware ta gefe in tana rawa ya mayar. Ya buga biyu da juna ya ce in saurara, mai kyau ƙararta na daɗewa kamar ƙararrawa, maras kyau kuma ƙwas kawai zaka ji. Akwai rubutun Cr-V ko Chrome Vanadium da ake yi a jiki wanda ke nuna irin ƙarfen, amma ya gargaɗe ni cewa masu jabu ma sun iya rubuta shi, don haka hannu da ido su ne alƙalai. Wanda ke Kaduna Panteka na nan, na Abuja akwai Apo, kuma ban ce dole sai tsoho ba, akwai sababbi masu kyau a kasuwa in mutum zai iya kuɗinsu, abin da nake cewa shi ne sifana shida masu kyau sun fi guda sittin na banza.

Abin da na dawo da shi ranar ko leda ɗaya bai cika ba. Sifanoni irin masu baki biyu, gefe ɗaya buɗaɗɗe ɗaya zobe, daga 8 zuwa 19, sai na ƙara 10 guda ɗaya don ita ce tafi ɓata, tana faɗawa cikin inji ko yaro ya ɗauka. Sai boks na waɗannan lambobin da racet ɗaya matsakaici mai bakin 3/8 (kan da boks ke hawa kenan, shi da inci ake auna shi) da sandar ƙari doguwa da gajera. A nan ina so masu karatu su lura da kyau, in zaka sayi boks leƙa cikinsa ka ƙirga kusurwoyin, akwai mai 6 akwai mai 12. Mai 6 yana rungumar gefen notin ne gaba ɗaya, mai 12 kuma a kan tsinin kusurwa yake kamawa, shi yasa in noti ya ciza ko ƙarfen boks ɗin ba shi da kyau sai ya zame ya goge kan, abin da ya same ni kenan. Mai koyo ya nemi mai 6. Kuma racet ba a kwance noti mai tauri da shi, aikinsa saurin juyawa ne bayan noti ya saki, na tauri akwai doguwar sanda mai bakin 1/2 da ba ta da haƙora a ciki, ita na haɗa da boks 21 ta zama wil-sifanata, tsawonta kawai ya isa ko maman yara ta kwance taya ba tare da ta hau kai da ƙafa ba.

Sukudireba huɗu sun isa, fulat babba da ƙarama, sta babba da ƙarama. Filaya ta gama-gari ɗaya, mai dogon baki ɗaya don ciro fis da kama 'yan ƙananan abubuwa a lungu, da mai kulle baki wadda ke cije abu ta riƙe. Guduma ƙarama. Tocila mai ɗaurawa a goshi, wannan kam kar a raina ta don riƙe waya da baki kana aiki da hannu biyu ba ƙaramar wahala bace. Sai gejin iska na taya, don abin da na lura yawancin masu faci in ba ka yi magana ba sai su ɗura maka 40 ko 45, alhali in ka buɗe ƙofar direba akwai takarda manne a jikin ginshiƙin da ta faɗi iskar da kamfani ya ce, tawa 30 ce, kuma da safe ake aunawa kafin taya tayi zafi. Da wayar jamfa ta tada batir mai kauri, ba irin siririyar nan da robar tafi wayar cikin yawa ba wadda ke ɗaukar zafi kafin mota ta tashi.

Tunda na ambaci batir bari in faɗi wannan, in zaka cire kan batir fara da na baƙi mai alamar ragi, in zaka mayar kuma shi ne na ƙarshe. Dalili shi ne jikin motar gaba ɗaya a haɗe yake da wannan kan, to in ka fara da ja sifanarka ta taɓa bodi wuta zata tashi nan take, tana iya narka bakin sifanar ko ta ƙona maka hannu, mai zoben azurfa ma ya cire shi tukuna.

Fulog-sifana da abin kwance fitar mai ban saye su ranar ba sai da buƙatarsu ta zo, kuma haka nake ba kowa shawara, kar ka sayi abu sai aikinsa ya zo gabanka. Fulogin motata 16 ne mai zurfi da roba a ciki da ke riƙo shi, wasu Corolla na baya-bayan nan 14 ne, tsofaffin motoci da yawa 21, ka ga in ka saya da ka sai kayi asara. Shi kuma fulogi da sanyin inji ake taɓa shi, kuma in zaka mayar ka fara ɗaura shi da yatsu yayi zagaye uku huɗu lafiya kafin ka sa ƙarfe, don kan injin alminiyam ne, in ka murɗe zaren aikin ya bar hannunka ya koma na masu walda da injin sassaƙa.

Yanzu ga inda nafi so a ji ni, Malam Edita, in ma zaka yanke wasiƙar nan saboda tsawo don Allah kar ka yanke nan. Jak ɗin da ke zuwa da mota na canza taya ne kawai, ba a yi shi don mutum ya shiga ƙarƙashin mota ba. Corolla ta haura tan ɗaya. Ƙasar ƙofar gidajenmu yawanci ba siminti bace, rairayi ne ko jar ƙasa, da damina kuma ta jiƙe, jak na iya nutsewa ko ya goce ba tare da wani gargaɗi ba, ko yaro ya zo ya jingina da motar ko ya buɗe ƙofa ya shiga. Akwai wani bawan Allah a layin bayanmu da ya ɗaga motarsa da jak ya tokare da bulo biyu na siminti ya shiga duba salansa, bulon ya ruguje motar ta sauko masa a kafaɗa, da ba don maƙwabta sun ji ihun matarsa sun taru sun ɗaga ba da wani labarin ake yi, har yau hannun nan baya ɗaguwa sama sosai kuma da shi yake neman abincin 'ya'yansa. Bulo na ɗaukar nauyin gini amma baya jure nauyin da ya taru a wuri ɗaya, farfashewa yake lokaci guda. Akwai ƙafafun ƙarfe masu ƙafa uku ko huɗu da ake tokare mota da su, bakanikai na ce musu stan, a sayi guda biyu masu kyau tun kafin a sayi racet ma, a sa katako mai faɗi a ƙarƙashinsu in ƙasa ce, a ja birkin hannu, a sa dutse ko gungume gaba da bayan tayar da ke ƙasa, tayar da aka cire kuma a tura ta kwance ƙarƙashin motar. Kafin ka shiga ka girgiza motar da hannu biyu ka gani. Wanda ba shi da kuɗin stan to wallahi gara ya kai gareji mai rami ya biya, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Haka murfin lagireto, ba a buɗe shi inji na da zafi ko da an sa tsumma, ruwan ciki ya wuce tafasa kuma a matse yake.

Ba kuma cewa nake kowa ya zama bakanike ba, su ma sana'arsu ce da suka shekara goma suna koyo kuma da ita suke ci da iyali. Ni abin da nake yi a gida bai wuce juyen mai da canza fita, fitar iska, fulogi, fis, ƙwan fitila, wanke kan batir, roban share gilashi da canza taya ba. Duk abin da ya shafi cikin inji, giya, na'urar sanyi, jakar iska ta sitiyari ko ƙwaƙwalwar mota ina kai wa masu shi, birki ma sai da na zauna kusa da Oga sau uku ina kallo kafin na yarda na taɓa, kuma da na gama na kai masa ya duba. Wani amfanin da ban zata ba shi ne yanzu in na je gareji ina gane abin da ake faɗa min, in aka ce an canza abu na san inda zan leƙa, su ma sun fi sakin jiki da ni.

Baƙin man da aka juye, kusan lita 4 ne a motata, don Allah a daina zubar da shi a kwata ko a bayan gida, yana bin ƙasa ya shiga rijiyoyinmu, a zuba a galan a kai gareji akwai masu karɓa.

Sai maganar aro. Duk wanda aka san yana da sifanoni a unguwa ya san abin da nake nufi, yau a aiko yaro wai a ba da 12 za a ɗaure janareto, gobe mai babur, jibi mai gyaran famfo, kuma abin kunya ne ka hana maƙwabci. Abin da nayi shi ne ragowar akwatin nan na farko na ajiye a zaure don masu ƙananan buƙatu, nawa na aiki kuma na shafa musu jan fenti a tsakiya na ɗinka musu jaka da tsohon wandon jins kowace da aljihunta, in na gama aiki ido ɗaya zan kai in ga wadda babu. In aikin maƙwabci na buƙatar mai kyau sai in bi shi da ita mu yi tare in dawo da abata. Ana goge su da tsumma mai ɗan mai kafin a mayar saboda tsatsar damina, jakar kuma a but take kwana tare da abin kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku da jami'an kiyaye haɗurra ke tambaya.

Roƙona gare ka Malam Edita shi ne ku ɗan ware fili ko da sau ɗaya ne a wata ku dinga gayyato tsofaffin bakanikai da masu gyaran wutar mota suna yi mana bayanin irin waɗannan abubuwa da Hausa, don yawancin abin da ake samu a waya da Turanci ne kuma motocinsu da hanyoyinsu da kasuwarsu ba irin namu bane. Su kuma 'yan'uwa masu mota, yau ɗin nan in an sauko daga sallar la'asar a buɗe but a ɗauko wil-sifanar a gwada ta a kan notin taya, a ɗaga jak ɗin a ga yana aiki, a taɓa safayar a ji ko da iska a ciki.

Na gode da wannan dama, Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka, Ya kiyaye mu a hanyoyinmu.

Wassalam,
Naku mai karatu a kullum,
daga unguwar Hotoro, Kano.